Cittar 'yata ta kwanta a sanyin Ingila, ta mutu ne ko da sauran rai?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambun gida. Daga Unguwar Rimi nake, amma tambayar ta 'yata ce da ke aure a Manchester. A watan Afrilu ta sayi ɗanyar citta a wani shagon kayan miya, ta ga ta fara fitar da ido, sai ta dasa a babban bokiti ta ajiye a filin da ke bayan gidansu. Duk watannin zafinsu abin gwanin sha'awa, ganye kore shar har ya kai mata ƙugu, kullum sai ta turo min hoto wai Mama ga gonata. Tun da Oktoba ya kama ganyen ya soma yin ruwan ɗorawa, yanzu ga mu a Nuwamba duk ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ta shigo da bokitin ɗaki ta jingina da hita, tana ba shi ruwa safe da yamma ko zai farfaɗo. Jiya da ta kira ni muryarta har rawa take. Shike nan ta mutu, ko akwai dabarar da za a yi ta kai baɗi?

Dan_Kachia:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ɗauki waya yanzu ki ce mata ta daina zuba ruwan nan. Ina gona, in na koma gida zan yi bayani.

Abu_Sadiq_Kawo:
Ikon Allah. Mu da muke da Kachia, garin citta, nan kusa da mu ba mu yi kukan citta ba, sai wadda ke Ingila. Hajiya, ki aika mata busasshiya mudu biyu a huta mana.

Maman_Ilham:
Abu Sadiq, busasshiya tana da ita har da ta kyauta. Ba cin ne ya dame ta ba. Yarinyar nan a gidan kakarta ta tashi, cikin zogale da lalo da rama, yanzu ta je inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai bulo da hazo. Bokitin nan shi ne ɗan abin da take kallo ta ji kamar tana gida.

Abu_Sadiq_Kawo:
Allah Sarki. Na janye, a yi min afuwa.

Dan_Kachia:
To Hajiya, na dawo. Ni a gonar citta aka haife ni, kuma abin da kika bayyana shi muke gani kowace shekara, ba ma ce masa mutuwa. Muna shuka a Afrilu ko Mayu da ruwan farko, mu rufe da ganye da ciyawa. In damina ta ɗauke wajen Oktoba, ganyen sai ya yi ja ya kwanta da kansa, daga nan muke sanin ta nuna, mu fara tono har cikin Disamba. Ran citta ba a ganye yake ba, yana cikin abin da ke ƙasa. Wadda muka ware don iri, wasu su bar ta a gona ba su tone ba, wasu mu tara ta a rami ƙarƙashin inuwar mangwaro mu lulluɓe da ciyawa, ta yi wata huɗu ko biyar ba ta ga ɗigon ruwa ba. Da bazara ta zo, iska ta fara nauyi, sai ka buɗe ramin ka tarar duk ta fito da ido farare kamar haƙoran jariri.

Yanzu ki duba abin da 'yarki ke yi. Ganyen da zai sha ruwan ya riga ya kwanta, ita kuma tana ta zubawa safe da yamma. Ina ruwan zai je? Zama zai yi a gindin bokiti, cittar ta jiƙa ta ruɓe. Garin gyaran gira za a rasa ido. Ta ɗauka kawai rani ne ya shigo, ta yi mata abin da muke yi mata da rani.

Hauwa_Barnawa:
Wallahi ni ma na ƙaru. Bara tawa ta cikin buhu ta yi haka a Disamba, na zata ta mutu na juye ƙasar a bayan katanga. Da ruwa ya sauka sai ga citta ta tsiro a bola.

Malam_Samaru:
Maganar Dan_Kachia daidai take, sai dai akwai wurin da raninmu da hunturunsu suka raba hanya, kuma a nan ne ake asara. Citta asalinta daga yankin kudu da kudu maso gabashin Asiya ne, inda ake zafi da laima. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos. In aka sauko ƙasa da 15 girma yana tsayawa, ƙasa da 10 kuma ita kanta saiwar ta fara cutuwa. Mu a Kaduna ko jaura ta yi tsanani dare ne kawai ke sanyi, da hantsi rana ta sake dumama ƙasa, kuma ƙasar a bushe take ƙayau. Su can daga Disamba zuwa Fabrairu yini guda sai ya ƙare bai wuce digiri 6 ko 7 ba, da dare a sauka kusa da sifili, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Ɗanyar citta kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ce. In ruwan jikinta ya daskare sai ya farfasa naman daga ciki, da ya narke ka tarar da ita ta yi laɓa-laɓa kamar dafaffen dankali. Wannan ba ta da magani.

Saboda haka shigo da bokitin da ta yi daidai ne. Kuskuren biyu ne: ruwa, da hita. Ta nemi wurin da bai sauka ƙasa da 12 ba, bai kuma haura 15 ko 16 sosai ba. Masu adana citta don kasuwa wajen digiri 13 suke riƙe ta.

Sani_Rigasa:
To me zai hana ta tone ta saka a leda ta jefa a firji har sanyi ya wuce? Ai haka matata ke ajiye tata kuma tana daɗewa.

Malam_Samaru:
Malam Sani, ta miya ce ke zama a firji. Cikin firji digiri 4 ne ko 5, wato sanyin da muke gudu ne ka ɗauke ta ka kai ta da hannunka. Za ta ciwu, amma idon kan mutu ko ya yi rauni, ga leda na tara gumi ta yi funfuna.

Uwar_Biyu_Kalgari:
Sannunku 'yan gida. Ni 'yar Tudun Wada ce, shekarata shida a Kanada, kuma sau biyu ina kashe citta kafin na gane kanta, don haka bari in ba Ilham labari ta ji ba ita kaɗai ba ce. Shekarar farko a baranda na bar tukunyar, na ce sai ƙarshen mako zan shigo da ita. Daren Laraba sanyi ya sauko. Da safe ganyen ya zama baƙi wuluk, na sa yatsa a ƙasa na ji ta kamar siminti. Shekara ta biyu na shigo da ita da wuri amma na sa a gareji, na manta mu nan sanyi yana kaiwa 20 ko 30 ƙasa da sifili, garejin da ba a dumama shi kuwa firiza ne kawai mai ƙofa.

Abin da ya karɓe ni shi ne wannan. Da na ga dare ya fara taɓa 10 nake shigo da ita. In rage ruwa a hankali har ganye ya bushe da kansa, ba na gaggawar yanke shi yana ɗanye, don abincin da ke jikinsa komawa yake yi ƙasa. In ya bushe, ja ɗaya za ki yi ya cire. Sai in sauke tukunyar ɗakin ƙasa, in ɗora kan katako don kar sanyin daɓe ya kama ta. Daga nan sai in manta da ita. Sau ɗaya a wata nake tura yatsa, in na ji ƙasar ta zama gari sosai in yayyafa rabin kofi a gefe-gefe, ba a tsakiya ba. Shekara uku ke nan iri ɗaya nake juyawa.

Maman_Ilham:
Allah Ya saka da alheri. Na tura mata duka, na ce ma ta shigo ta yi magana da bakinta.

Ilham_Mcr:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, na gode ƙwarai. Na janye bokitin daga hita. Anti ta Kalgari, gidanmu ba shi da ɗakin ƙasa, sai wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene da muke ajiye takalma. Na sa ma'aunin zafi a ciki, da asuba ya nuna 13, da yamma 16. Ya yi? Sannan in bar ta a cikin ƙasar ne ko in tone?

Malam_Samaru:
Lungun ya yi, duhu ma ba matsala ba ne tunda ba ganye. Ni dai shawarata ki bar ta a ƙasarta. Ƙasa tana kare ta daga bushewa, kuma duk tonon da aka yi sai an ji mata ciwo, ciwon nan kuwa ƙofa ce ga ruɓa.

Dan_Kachia:
Malam, a nan kam ban bi ka ba. Da ƙasar a bushe take da na yarda. Amma yarinyar nan ta fi sati uku tana ba ta ruwa sau biyu a rana, a bokitin roba, a garin da ko wanki ba ya bushewa. Yaushe wannan ƙasar za ta sha iska? 'Yata, shimfiɗa buhu ko jarida ki kife bokitin ki ga abin da ke ciki da idonki. Ki latsa kowace da babban yatsa, ki kuma sansana. Mai lafiya tauri gare ta da ƙamshi. Wadda ta fara tafiya, hancinki zai gaya miki tun kafin ido.

Malam_Samaru:
Ka yi gaskiya, ban lissafa ruwan da aka riga aka zuba ba. A bana ta tone. Amma baɗi, in ta busar da ƙasar da wuri yadda Uwar_Biyu ta faɗa, ina nan kan bakana, barinta a tukunya ya fi.

Dan_Kachia:
Baɗi ma yi wannan musun, in Allah Ya kai mu.

Injiniya_Hambug:
Ku yi haƙuri in shigo da wata. Duk kun taru kan dole sai ta kwanta, ni kuwa tawa a Jamus ba ta taɓa kwanciya gaba ɗaya ba. A falo take, zafin ɗakin bai sauka ƙasa da 20, na rataya mata fitilar shuka da ke kunna kanta awa 12 a rana. Girman yana raguwa, wasu ganyen su bushe, amma kore na nan har Maris. In manufar Ilham ta riƙa ganin tsiro ne a ɗaki, me ya sa za a ce ta kulle shi da takalma wata huɗu?

Uwar_Biyu_Kalgari:
Injiniya, na gwada wannan ma. Iskar hita busasshiya ce, nan da nan wasu ƙananan jajayen ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo suka cika bayan ganyen, daga nan suka haura kan barkonona. In kuma ka ƙara ruwa don laima, sai ƙananan ƙudaje baƙaƙe su taso daga ƙasar su bi ka har kofin shayi. Ban ce ba ya yiwuwa ba, amma aiki ne.

Injiniya_Hambug:
Jajayen nan sun ziyarce ni, ba zan ɓoye ba. Wanka nake yi mata a bahon wanka duk sati biyu.

Abu_Sadiq_Kawo:
Fitila awa 12 saboda citta! Mu nan in muka samu awa 12 a jere ai sai mu yi walima.

Malam_Samaru:
Dalilin fitilar shi ne gajartar yini. A Manchester ƙarshen Disamba hasken rana bai kai awa 8 ba, ana kiran Magariba kafin ƙarfe 4, mu kuwa ko a lokacin muna da sama da awa 11. Ko da ɗumi, in ba haske, tsiron da zai fito siriri ne fari, yana cin ajiyar saiwar a banza. Hanyar Injiniya tana yi wa wanda cittarsa ke tsaye da ganyenta. Ta Ilham ta riga ta kwanta, tashin ta yanzu wahalar da ita ne.

Ilham_Mcr:
Na kife bokitin. Baba Dan_Kachia, ka ce hanci zai gaya min, wallahi sai da na buɗe taga duk da sanyin. Ƙasan bokitin taɓo ne tsamo-tsamo, ashe ramuka uku da na huda duk sun toshe. Tsohuwar da na dasa tun farko ta narke, fatarta kawai ta rage kamar yagaggiyar safa. Amma ta haifi wasu a gefe, manya uku masu yatsu, fatarsu fara-fara da ɗan ja a wuya. Biyu suna da tauri ƙam. Ta ukun gefe ɗaya ya yi laushi, in na latsa ruwa na fitowa.

Dan_Kachia:
Alhamdu lillahi, kin tsira da iri. Uwar dama takan ƙare, ta gama aikinta. Ta ukun ki sa wuƙa mai tsabta ki yanke laushin, ki ci gaba da yanka har sai kin ga nama mai haske ba ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa a ciki. Ki barbaɗa toka a bakin yankan. Kar ki haɗa ta wuri ɗaya da lafiyayyun. Biyun nan kuma kar ki wanke su, ki bar su su sha iska kwana biyu ko uku, ƙasar jikinsu ta bushe ki kakkaɓe da hannu. Tsohuwar ƙasar bokitin ki zubar, kar ki sake shuka citta a cikinta.

Ilham_Mcr:
Baba, ina zan ga toka a Manchester? Murhunmu na lantarki ne.

Hauwa_Barnawa:
Hhhh, Hajiya a haɗa da toka a saƙo na gaba.

Uwar_Biyu_Kalgari:
Ƙanwata, ba dole sai toka ba. Iska kaɗai tana sa bakin yankan ya yi ɓawo ya rufe. Ni garin kirfa nake ɗan shafawa. In kuna da gawayin gashi na itace zalla, tokarsa ta yi, amma ban da dunƙulallen nan da ake haɗa shi da sinadarin kunna wuta. Bayan sun sha iska ki samu kwali, ba leda ba, ki zuba busasshen yashi ko garin katako irin wanda ake sayarwa don shimfiɗar zomaye, ki binne su kar su taɓa juna. Duk sati biyu ki leƙa. In kin ga sun fara yamushewa ki ɗan fesa ruwa a kan yashin, kaɗan dai.

Alhaji_Mai_Buhu:
Ni ɗan kasuwa ne, citta nake saye daga Kachia da Kwoi da Kafanchan in kai Legas. Tambayata, wace irin citta ce ma ake wannan wahalar a kanta? Ta shagunan Turai yawanci daga Chaina ko Peru ko Brazil ake kai ta, ga girma ga ruwa, yaji kuwa sai a hankali. Tamu duniya ta san ta da yaji da mai. In za a yi renon wata takwas, ai gara a reni irin namu na gida, Tafin Giwa ko Yatsun Biri. Hajiya, in mai tafiya ya samu ki yi magana in ba ki iri kyauta.

Malam_Samaru:
Alhaji, Allah Ya ƙara arziki, amma a bi a hankali. Busasshiya ko gari daban, ɗanyar saiwa da za a shuka daban. Ƙasashen nan ba sa yarda a shigar musu da tsiro ko saiwa ba tare da takardar shaidar lafiyar tsiro ba, balle mai ƙasa a jiki. A nan Najeriya hukumar NAQS, mai duba lafiyar tsirrai da dabbobin da ake shiga ko fita da su, ita ce ke ba da takardar. Wanda ya cusa a akwati bai bayyana ba, in an gani a ƙwace, wani wurin har da tara.

Dan_Kachia:
Kuma ko ba doka, ni ba zan ba kowa iri yanzu in rantse masa lafiyayye ne ba. Kun manta 2023? Cutar da ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da sauran kudancin jihar nan, wajen Agusta ganye ya fara ƙonewa, kafin ka ce me gona ta tafi. Ni na tone kunya bayan kunya, hannuna na nutsewa cikin ruɓa, warin da Ilham ta ji a bokiti ɗaya mu a eka-eka muka shaƙe shi. Mutane sun ci bashi sun zuba, wasu har yau ba su miƙe ba. Shekarar da ta biyo iri ya zama gwal, da yawa suka koma masara da kurkum. Shi ya sa da na ji ana zuba wa citta ruwa tana kwance ban iya jira na dawo daga gona ba.

Alhaji_Mai_Buhu:
Kar ka tuna min. Shekarar nan mota ta sha dawowa rabi. Allah Ya kiyaye gaba.

Maman_Ilham:
Amin ya Allah. Allah Ya mayar muku da alheri.

Bashir_Landan:
Wani abu ya ɗaure min kai. A wani lambun shaƙatawa nan Landan na ga tsiro sak citta, ganye iri ɗaya, dogo ya fi ni, da fure mai ƙamshi, kuma a ƙasa yake shekara da shekaru ba mai shigar da shi ɗaki. Ya aka yi shi sanyi bai kashe shi ba?

Malam_Samaru:
Dangi ne, ba ita ba ce. Gidan su citta babba ne: kurkum na ciki, citta mai ƙwaya da muke sa wa a yaji na ciki. Wanda ka gani mai yiwuwa cikin masu furen ado ne da ake kira Hedychium, da yawansu daga tsaunukan Himalaya suka fito, sun saba da sanyi. Su ma ganyen na mutuwa da hunturu, sai a tula musu ganye ko ɓawon itace a gindi su sake fitowa. Akwai kuma ta Japan mai suna miyoga da ke jure ƙanƙara sosai, amma ita tohon furenta ake ci, ba saiwar ba. Kar wani ya ga waɗannan a waje ya ce bari ya bar tasa ta shayi.

Hauwa_Barnawa:
To kurkum fa? Nawa ma ya fara kwanciya.

Dan_Kachia:
Duk kanwar ja ce. Ɗauke masa ruwa. Shi ya ma fi citta nauyin barci, in bai tashi da wuri ba kar ki juye shi a bola.

Ilham_Mcr:
Na yi yadda aka ce, suna kan jarida suna shan iska. Saura tambaya ɗaya: yaushe zan mayar da su ƙasa?

Uwar_Biyu_Kalgari:
Kar ki jira zafi ya zo, in kin jira lokacin ba zai ishe ta ba, don tana son wata takwas zuwa goma. Ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ki fito da su, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi dare ɗaya, ki kwantar a faranti mai ɗan zurfi da sabuwar ƙasa, idon na kallon sama, rufi kamar faɗin yatsu biyu. A nan ne hitar da aka hana ki za ta yi amfani, don sai ta ji sama da 20 take motsi. Takan ɗauki sati uku har shida, kar ki yi ta tono kina dubawa. Waje kuwa sai Yuni, in dare ya daina sauka ƙasa da 12. Kuma ki sake tukunya, mai faɗi ta fi mai zurfi, tunda a kwance take tafiya. Ramuka manya, ki ɗora kan bulo.

Injiniya_Hambug:
Ni dai har yanzu ina ganin da ta ware ɗaya ta gwada fitila, ta ga wacce za ta fi.

Dan_Kachia:
Guda biyu da rabi gare ta, Injiniya. Ka bari ta tara tukuna.

Ilham_Mcr:
Biyu ne yanzu Baba. Na fito daga wanka na tarar maigidan ya ga rabin nan da na yanke a kan jarida, ya zata ta shayi ce, har ya kankare ta a tukunya. Wai ta fi ta shago ƙamshi.

Abu_Sadiq_Kawo:
Hajiya, ki gaya wa surukinki ya sa wa lungun takalman nan kwaɗo, ya ba Ilham makullin.

Maman_Ilham:
Zan kira shi da kaina. Malam_Samaru, ni ma ina da tambaya, lemun tsamin da ta shuka daga ƙwallo shi ma a kai shi lungun ne, ko shi da nasa hukuncin?